Dillali da Mabuɗi: Tarihin Haɗa Takardun Intanet da Sauran Manhajoji

A ofisoshi da yawa a yau, wasiƙar ɗaukar aiki ko takardar kwangila kan kammalu ba tare da wani ya zauna ya buga ta ba. Mai neman aiki ya cike fom a intanet, kafin kwata na awa sai sabuwar takarda ta bayyana a Google Docs ɗauke da sunansa da muƙaminsa da ranar da zai kama aiki, an kuma tura wa shugaban sashe ya duba. Tsakanin fom ɗin da takardar akwai kamfani na uku, irin su Zapier ko Make ko Workato, wanda sana'arsa ita ce ɗaukar bayani daga wannan manhaja zuwa waccan. Haɗa irin wannan dillali da ma'ajiyar takardun ofis ba ya cin minti biyu. Taga ce za ta buɗe, ta lissafa abubuwan da ake neman izini a kansu, sai a danna maɓallin amincewa.

Kafin a kai ga wannan maɓalli sai da aka warware matsaloli uku. Takarda ta bar cikin kwamfutar mai ita ta koma intanet. Manhajojin kamfanoni dabam-dabam sun sami harshen da za su fahimci juna da shi. Sannan aka nemo hanyar da mutum zai wakilta wata manhaja ta shiga takardunsa ba tare da ya sallama mata komai ba. Biyun farko injiniyoyi sun gama da su. Ta ukun ita ce har yanzu take haifar da ɓarna, domin tambaya ce ta amana: wa ke riƙe da mabuɗi, kuma ɗakuna nawa mabuɗin yake buɗewa?

Lissafin kaya da aikin alfadari

Buƙatar na'urori su yi musayar takardu ta girmi intanet. A 1948, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta toshe hanyoyin ƙasa zuwa yammacin Berlin, jiragen saman Amurka da Birtaniya suka yi jigilar fiye da tan miliyan 2 na abinci da gawayi zuwa birnin. Takardun lissafin kayan sun zo cikin tsari iri-iri, har ana rasa sanin abin da ke cikin wane jirgi. Wani sojan Amurka mai suna Edward Guilbert, tare da abokan aikinsa, ya tsara fom guda wanda za a iya aikawa ta teles ko tarho, kowane bayani da gurbinsa. Daga baya ya kai wannan dabara masana'antu, kuma daga ita ne aka gina tsarin musayar takardun ciniki tsakanin kwamfutocin kamfanoni wanda aka sani da EDI. Amurka ta kafa kwamitin ma'auninta, X12, a 1979, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta fito da EDIFACT a cikin shekarun 1980.

A cikin kamfani guda ma matsalar tana nan. Sashen kuɗi da manhajarsa, sashen ma'aikata da tasa, sito da tasa. Idan za a haɗa kowace manhaja da kowace kai tsaye, manhajoji 10 suna buƙatar hanyoyi 45, manhajoji 100 kuma hanyoyi 4,950, kowace hanya da mai gyaranta. Mafita ita ce a kafa mai shiga tsakani guda: kowace manhaja ta yi magana da shi kaɗai, shi kuma ya fassara ya isar. A shekarun 1990 wannan ya zama babbar kasuwa. IBM ya fitar da MQSeries a 1993, kamfanoni irin su TIBCO da webMethods suka yi suna. Sai dai kayan suna da tsada, ana girka su ne a kwamfutocin kamfanin da ya saya, aikin kuma yakan ci watanni. Bankuna da manyan masana'antu ne kawai suke iya ɗauka.

Wani injiniya ɗan Birtaniya, Ross Mason, ya gaji da maimaita irin wannan haɗe-haɗe, wanda ya ɗauka aikin jaki ne, sai ya rubuta manhaja ta kyauta ya sa mata suna Mule, wato alfadari. Kamfanin da ya kafa a kanta a 2006 shi ne ya zama MuleSoft. A jihar Pennsylvania kuma, kamfanin Boomi, wanda aka kafa a 2000, ya yi wani sauyi mai muhimmanci wajen ƙarshen shekarun 2000: ya ɗauke dillalin daga kwamfutar mai saye ya mayar da shi intanet, ana haya ana biya wata-wata. Dell ya sayi Boomi a 2010. Shekara guda bayan haka kamfanin nazarin kasuwa na Gartner ya raɗa wa wannan sana'a suna iPaaS, ma'ana dandalin haɗa manhajoji da ake haya a gajimare.

Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne ƙofofin da kamfanonin intanet suka fara buɗe wa manhajojin waje, waɗanda ake kira API. Salesforce ya buɗe tasa a farkon 2000, eBay ya biyo baya a ƙarshen shekarar. A wannan shekara ce kuma Roy Fielding, a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, ya bayyana tsarin REST, wanda ya nuna cewa ƙa'idojin da burauza ke bi wajen ɗauko shafi sun isa manhaja ta nemi bayani wurin wata manhaja.

Takarda ta koma intanet

Ita kuwa takardar rubutu ta daɗe a wajen wannan zance. Tun ranar 9 ga Disamba 1968 Douglas Engelbart ya nuna wa taro a San Francisco yadda mutum biyu da ke wurare dabam za su yi aiki a kan allo guda, amma kasuwa ta bi wata hanya. Kwamfutar tebur ta zo, takarda ta zama fayil a cikin faifai, ana aika kwafinsa a imel, kowa ya gyara nasa, a ƙarshe a rasa gane wanne ne na gaskiya. Abin da ya fi kusa da haɗin kai tsaye shi ne dabarar da WordStar ya yaɗa a farkon shekarun 1980 da manhajarsa ta MailMerge: a rubuta wasiƙa guda mai gurabe, a kawo jerin sunaye da adireshi, kwamfuta ta cike guraben ta fitar da wasiƙu ɗari. Wannan dabara, kamar yadda za a gani, ba ta mutu ba.

A watan Agusta 2005 wani ƙaramin kamfani a Kalifoniya mai suna Upstartle, wanda Sam Schillace da Steve Newman da Claudia Carpenter suka kafa, ya fitar da Writely, manhajar rubutu da ke aiki a cikin burauza. Google ya saye shi a Maris 2006, ya haɗa shi da manhajarsa ta jadawalin lissafi a Oktoba, aka sami abin da ya zama Google Docs. Zoho ma ya fitar da tasa manhajar rubutu a 2005, Microsoft kuma ya kawo Office cikin burauza a 2010. Takarda yanzu ta sami adireshi guda a intanet, kuma duk abin da ke da adireshi, manhaja za ta iya nemansa.

Amma rubutu yana da wata wahala da jadawali ba shi da ita. A jadawali kowane gida yana da sunansa, kuma rubuta abu a wani gida ba ya gusar da maƙwabcinsa. A rubutu kuwa, wanda ya ƙara kalma mai harafi biyar a farkon layi ya tura duk abin da ke bayanta gaba da gurbi biyar. Idan a daidai lokacin wani ya ba da umarnin a goge harafi na 20, umarninsa zai faɗa kan harafin da bai nufa ba. Clarence Ellis da Simon Gibbs sun wallafa maganin wannan a 1989: kafin a zartar da kowane gyara, sai a daidaita matsayinsa da gyare-gyaren da suka riga shi. Masu bincike a cibiyar Xerox PARC suka sauƙaƙa dabarar a 1995 ta hanyar ɗora wa kwamfuta guda ta tsakiya alhakin jera gyare-gyaren. Etherpad ya nuna wa duniya a 2008 cewa ana iya ganin rubutun abokin aiki harafi bayan harafi, Google ya sayi kamfanin da ya yi shi a ƙarshen 2009, sannan a 2010 ya sake gina Docs daga tushe a kan wannan tsari.

Matsalar kalmar sirri

A tsakiyar shekarun 2000, idan wani shafi yana son ya ɗauko wa mutum jerin abokansa daga imel ko hotunansa daga wani wuri, hanya ɗaya ce: ya nemi kalmar sirrinsa. Miliyoyin mutane sun bayar. Wanda ya karɓi kalmar sirri ya sami ikon karanta komai, goge komai, har da canza kalmar ya kori mai ita. Babu yadda za a ce masa ya tsaya a zaure. Babu kuma yadda za a sallami guda ɗaya sai an canza kalmar, wanda hakan zai sallami kowa.

A ƙarshen 2006 Blaine Cook, injiniya a Twitter, da Chris Messina da wasu 'yan kaɗan suka fara tattauna mafita. Sakamakon shi ne OAuth, wanda sigarsa ta farko ta fito a Disamba 2007. Tsarinsa wakilci ne mai iyaka. Dillali ba ya ganin kalmar sirri. Yakan tura mutum zuwa shafin mai ma'ajiyar, misali Google, can mutum zai shiga da kansa, a nuna masa abin da dillalin ke nema, idan ya yarda sai Google ya ba dillalin wata alamar izini. Alamar tana da iyakar abin da take buɗewa, kuma mai asusun yana iya soke ta a kowane lokaci ba tare da ya taɓa sauran wakilansa ba. Twitter ya daina karɓar kalmar sirri daga manhajojin waje a ƙarshen Agusta 2010.

Siga ta biyu, OAuth 2.0, ta fito a Oktoba 2012 bayan doguwar taƙaddama. Babban editanta, Eran Hammer, ya ajiye aikin a tsakiyar shekarar ya cire sunansa, yana ƙorafin cewa buƙatun manyan kamfanoni sun sa tsarin ya yi sarƙaƙiya, ya kuma bar wa masu aiwatarwa ramukan da za su iya faɗawa. Wannan siga ce ake amfani da ita a yau. A cikinta alamar izini iri biyu ce. Akwai ta aiki, wadda a wajen Google takan mutu bayan kimanin awa guda, akwai kuma ta sabuntawa, wadda dillali ke ajiyewa yana karɓo sabuwar ta aiki da ita duk lokacin da ya so. Ita ce ke sa haɗin ya ci gaba da aiki dare da rana mai asusun yana barci. Darajarta ga ɓarawo ta kai ta kalmar sirri, wani lokaci ma ta fi, domin wanda ke riƙe da ita ba a tambayarsa lambar tabbatarwa da ake turowa a waya.

Dillalan kowa da kowa

Da OAuth ya samu, sai sana'ar dillanci ta sauko daga manyan kamfanoni zuwa ga ƙananan ofisoshi. Yahoo ya gwada da Pipes a 2007, inda ake jan layi tsakanin akwatuna a allo, amma ya rufe shi a 2015. IFTTT na Linden Tibbets, wanda ya buɗe wa kowa a 2011, ya taƙaita komai cikin jimla guda ta sharaɗi: idan kaza ya faru, a aikata kaza. A wannan shekara ce Wade Foster da Bryan Helmig da Mike Knoop suka fara Zapier a garin Columbia na jihar Missouri, suka fuskanci masu ƙananan kasuwanci waɗanda ba su da injiniya. Microsoft ya shigo da Flow a 2016, wanda ya koma Power Automate a 2019. Integromat na ƙasar Cek ya shiga hannun kamfanin Celonis na Jamus a 2020, ya koma Make a 2022.

Kuɗin da aka zuba ya nuna nauyin sana'ar. Salesforce ya sayi MuleSoft a 2018 a kan dala biliyan 6.5. Dell ya sayar da Boomi a 2021 a kan dala biliyan 4. Abin da ake saye da wannan kuɗi shi ne matsayin tsakiya, inda bayanan dubban kamfanoni ke bi, inda kuma ake ajiye alamun izininsu.

Ranar 3 ga Mayu 2017

A wannan rana saƙo ya fara shiga akwatunan Gmail, yana cewa wani sananne ya gayyaci mutum ya duba takarda a Google Docs. Wanda ya danna sai ya sami kansa a shafin Google na gaskiya, da adireshinsa na gaskiya, ana tambayarsa ko ya yarda wata manhaja mai suna Google Docs ta karanta imel ɗinsa ta kuma ga jerin abokansa. Manhajar ta bogi ce. Wani ne ya yi mata rajista da wannan suna, kuma a lokacin babu abin da ya hana shi. Duk wanda ya amince, nan take manhajar ta aika irin saƙon ga duk mutanen da ke jerinsa. Google ya ce ya dakatar da abin cikin kimanin awa guda, kuma bai kai kashi 0.1 cikin ɗari na masu Gmail ba. Da yake masu Gmail sun haura biliyan guda a lokacin, wannan kaso na iya kaiwa mutum miliyan ɗaya.

Ba a saci kalmar sirrin kowa ba, ba a kuma fasa wata kwamfuta ba. Tsarin ya yi aiki yadda aka gina shi: ya tambaya, aka amsa masa da yarda. Rauninsa shi ne ya ɗora hukunci a kan mutumin da ke cikin sauri, wanda ya saba danna amincewa ba tare da ya karanta ba. Cikin 'yan watanni Google ya fara nuna gargaɗi a kan manhajojin da bai tantance ba. A Oktoba 2018, bayan an gano cewa wata kafa a ƙofar Google+ ta bar bayanan asusu kusan 500,000 a buɗe ga manhajojin waje, kamfanin ya ƙara tsaurara sharuɗɗa a kan Gmail, a 2019 kuma ya faɗaɗa su zuwa Drive. Manhajar da ke neman ganin dukkan fayilolin mutum tana ajiye bayanansu a wajenta sai an bincika tsaronta, ana kuma ƙarfafa wa masu manhajoji su nemi ƙaramin izini, wanda ke buɗe fayilolin da manhajar ta ƙirƙira ko waɗanda mai asusun ya zaɓa mata kaɗai.

Ƙofar da ta buɗe a makare

Jadawalin lissafi na Google ya daɗe da ƙofarsa, manhajar Slides ma ta sami tata a 2016. Takardar rubutu sai a Fabrairu 2019 aka buɗe wa kowa ƙofar shiga cikinta, shekara 13 bayan sayen Writely. Kafin nan dillali yana iya ɗora fayil ko sauke shi, ko a bi ta Apps Script, harshen ƙananan umarni da Google ya fitar a 2009. Zapier da Netflix da Mailchimp suna cikin waɗanda suka fara gwada sabuwar ƙofar.

Ta wannan ƙofa, manhaja tana ganin takarda a matsayin jerin sakin layi da jadawalai, kowane harafi da lambar matsayinsa. Tsohuwar matsalar Ellis da Gibbs tana nan: kowane ƙari yana gusar da lambobin da ke bayansa, shi ya sa jagorar Google ke shawartar masu manhaja su fara gyara daga ƙarshen takarda su dawo farko. Manhaja tana kuma iya faɗin sigar takardar da ta karanta, domin a ƙi gyaranta ko a daidaita shi idan wani ya taɓa takardar a tsakani. Mafi yawan haɗin da ofisoshi ke yi ya fi wannan sauƙi. Ana ajiye takardar samfuri mai gurabe da aka yi wa alama, dillali ya kwafe ta, ya maye kowane gurbi da bayanin da ya ɗauko daga fom ko rumbun bayanan abokan ciniki. Dabarar MailMerge ce ta shekara 40 da suka wuce, sai dai yanzu jerin sunayen yana hannun wani kamfani, takardar tana hannun wani, mai haɗa su kuma na uku ne.

Zanen aro

Wannan rarrabuwa tana da farashi iri biyu. Na farko, ƙofar ta mai gida ce, yana iya ƙuntata ta ko ya rufe. A Satumba 2012 IFTTT ya cire ayyukan da suka dogara da karanta saƙonnin Twitter saboda sababbin sharuɗɗan kamfanin, a 2023 kuma, da Twitter ya sa kuɗi mai yawa a kan ƙofarsa, Zapier ya daina haɗi da shi. Ofishin da ya ɗora aikinsa na yau da kullum a kan irin wannan haɗi ya kamata ya tuna cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Na biyu ya fi nauyi. Dillalin da ke riƙe da alamun izinin dubban kamfanoni ya zama wuri guda da ɓarawo zai nufa. A Afrilu 2022 GitHub ya sanar cewa an yi amfani da alamun izini da aka sace daga Heroku da Travis CI wajen kwashe bayanan ƙungiyoyi da dama. A Agusta 2025 masu kutse suka sami alamun izinin manhajar Drift ta kamfanin Salesloft, suka shiga rumbunan Salesforce na ɗaruruwan kamfanoni da su. Kamfanonin da abin ya shafa ba a fasa nasu ƙofofin ba. An shigo ne da mabuɗin da suka ba wakilinsu da hannunsu, wasu ma shekaru da suka wuce.

Doka ba ta ɗauke wa mai takarda alhaki don ya wakilta wani. A Turai dokar kare bayanai da ta fara aiki a Mayu 2018, a Najeriya kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023, duka sun bar nauyi a kan ofishin da ya tattara bayanan mutane ko da wani kamfani ne ke sarrafa masa su, sun kuma sa sharuɗɗa a kan fitar da su zuwa wata ƙasa. Asibiti ko makaranta ko ofishin lauya da ya haɗa fom ɗinsa da Google Docs ta hannun dillali ya bi da sunaye da sirrin mutanensa ta kwamfutocin kamfani na uku, ko ya lura ko bai lura ba.

Abin da OAuth ya ƙara a kan zamanin kalmar sirri shi ne iko biyu: a taƙaita izini tun farko, a kuma janye shi daga baya. Duka biyun suna hannun mai asusu. A shafin tsaro na kowane asusun Google ko Microsoft akwai jerin manhajojin da aka taɓa amince wa, da abin da kowace ke iya buɗewa, da maɓallin soke ta. A ofisoshi da yawa, a cikin jerin akwai haɗin da wani ma'aikaci ya kafa don aikin mako guda, aikin ya ƙare, shi ma ya bar ofishin, amma alamar sabuntawar tana nan a ma'ajiyar dillali tana aiki.